Wa Ya Kafa Lakwaja?

Duk wanda ya zauna a Yakité, ko ya saba ratsa kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, sunan wurin ya zauna masa a baki, har ba ya tsayawa ya auna abin da sunan yake faɗi. Kilomita biyar daga ina? Daga tsakiyar garin da ya tsiro a bakin kogin Ubangi, inda Faransawa suka dasa sansaninsu a shekarar 1889. Wato mazaunin fatake da 'yan kasuwa, Hausawa da Barebari da Fulani da sauransu, an raɗa masa suna ne da nisansa daga ƙofar Bature. Tarihin irin waɗannan garuruwa ma da wannan ma'auni aka saba rubuta shi: a fara da sunan Baturen da ya kafa tuta, sauran jama'a kuwa a jera su gwargwadon kusancinsu da shi.

Bangui rabon Faransa ne. Amma ga ɗalibin Hausa, misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili yana ɓangaren Ingilishi, a mahaɗar kogin Kwara da Binuwai, garin da Hausawa ke kira Lakwaja, taswira kuma take rubuta Lokoja. Shi ne mazaunin Ingilishi na farko da ya ɗore a cikin ƙasar da ta zama Arewacin Nijeriya, kuma labarin kafuwarsa a sarƙe yake da labarin littattafan Hausa na farko da aka buga da boko. In aka tambayi ɗalibi wa ya kafa Lakwaja, amsa ɗaya yake bayarwa: Dakta Baikie. Ra'ayina shi ne wannan amsa ta yi gajarta ƙwarai, kuma mu masu nazarin Hausa mun fi kowa alhakin cike ta, domin da yawa daga cikin waɗanda aka tsallake da harshenmu suka yi aikin.

A fara da yunƙurin da ya wargaje. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jiragen ruwa masu tururi guda uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau Kwara. Manufar da aka bayyana ita ce a kashe cinikin bayi ta hanyar buɗe cinikin amfanin gona, shawarar da Thomas Fowell Buxton ya yi ta yaɗawa a Landan. Suka sayi fili kusa da mahaɗar kogunan daga hannun Ata na Igala a kan wuri 700,000, suka kafa gonar gwaji. Zazzaɓi bai yi musu jinkiri ba. Cikin 'yan watanni Turawa kimanin 40 suka mutu, kafin 1842 ta ƙare an kwashe mutanen gonar. Babu abin da ya saura a ƙasa. Abin da ya saura yana cikin takardun mutum biyu da suka shiga tafiyar a madadin mishan: James Frederick Schön, Bajamushe, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe 'yantaccen bawa daga Saliyo. Schön ya ga cewa Hausa ita ce harshen da ake jin ta daga kasuwa zuwa kasuwa a bakin kogin, ya koma ya buga jerin kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu a 1843. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ba, har ya mutu a 1889. A bakin 'yantattun bayi na Saliyo ya fara tsintar Hausarsa.

William Balfour Baikie likitan sojan ruwa ne, mutumin tsibiran Orkney a arewacin Sikotilan. A 1854 ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Binuwai, ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, ya dawo ba tare da ya rasa ko mutum guda ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na neman rage masa shi. Daga ranar ne zazzaɓi ya daina zama katangar da ke tsare cikin ƙasa daga Turawa. A 1857 ya sake dawowa da jirgin Dayspring, wanda ya daki dutse ya nutse kusa da Jebba. Maimakon ya koma gida, sai ya zauna. Wajen 1860 ya sauka a gindin dutsen Patti, ya tara bayin da ya fansa da mutanen Saliyo da suka biyo shi, ya buɗe kasuwa. Shi ne likita, shi ne alƙali, shi ne malami. Ya koyi Hausa sosai, ya je Kano a 1862, ya kuma fassara Zabura zuwa Hausa, aikin da aka buga shekaru bayan rasuwarsa. Ya mutu a Saliyo a ƙarshen 1864, yana kan hanyar zuwa gida hutu.

To, ga tambayar da littattafan makaranta ba su cika yi ba. Bature guda, ba runduna, ba jirgin yaƙi sai wanda kan leƙo jefi-jefi in ruwa ya cika, da ikon wa ya zauna shekara huɗu a wurin da ake farautar bayi gabas da yamma? Da ikon Etsu Nupe Masaba na Bida, wanda ya hau sarauta a 1859. Masaba ne ya ba shi izini, shi ya ba shi kariya, kuma ba don son Allah kaɗai ba. Yana bukatar bindigogi da albarushi, yana kuma so kayan Turawa su tsaya a hannunsa kafin su wuce zuwa Gwandu da Sakkwato. A idon Bida, Lakwaja zango ne na baƙin fatake, Baikie kuwa kamar sarkin zango ne, mai zama da yardar mai ƙasa. Duk Bahaushen da iyayensa suka yi fatauci ya san wannan tsari, domin shi ne tsarin Salaga da Kumasi da kowane zango da Hausawa suka kafa a ƙasar wasu. Bambancin kawai shi ne wannan baƙon magadansa sun zo daga baya sun kori mai masaukin. A 1897 dakarun Kamfanin Neja na George Goldie suka ci Bida da yaƙi.

Kuma wurin ba fili ba ne da babu kowa. Oworo suna kan tuddai, Kakanda suna kan ruwa da kwale-kwalensu, Igala da Bassa-Nge da Igbira suna kewaye. Har yau kowace al'umma tana da nata bayanin asalin sunan garin. Na Hausawa shi ne wai daga “loko ja” ne. Ɗalibi ya lura cewa ginin jimlar bai saɓa wa nahawu ba, tunda sifa tana iya bin suna kamar yadda ake cewa “riga fara” a maimakon “farar riga”. Sai dai dacewar nahawu ba hujjar tarihi ba ce, kuma Hausa gwana ce wajen sanya wa sunan baƙo rigar gida.

Yanzu mu zo ga mutum biyun da su ne dalilin wannan rubutu.

Dorugu yaro ne daga Dambanas, ƙauye a yankin Kance cikin ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka sayar da shi har ya kai Kukawa. Abbega kuma ɗan ƙabilar Margi ne, shi ma bawa. Matafiyi Bajamushe Adolf Overweg ne ya 'yanta su, da ya rasu a 1852 kusa da tafkin Cadi suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda Hausawa da Barebari suka sani da Abdulkarim. Suka bi shi har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare Sahara da shi, suka isa Landan a 1855. A Ingila Schön ya karɓe su a gidansa, kuma a nan ne ya sami abin da ya daɗe yana nema: Bahaushe haifaffen ƙasar Hausa, zaune gabansa safe da yamma. Dorugu ya yi ta ba shi labari, na rayuwarsa, na tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa. Nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, duk sun sha daga wannan rijiya.

A nan dole a yi adalci. Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba. Labarin rayuwar yaron da sunansa ya fito a littafin. Haka abokin aikinsa Sigismund Koelle, a babban littafinsa na kwatanta harsunan Afirka na 1854, ya rubuta sunayen waɗanda suka ba shi kalmomi da garuruwansu da yadda aka kamo su. Mu ne muka yar da sunan. A darasin tarihin rubutun Hausa ɗalibi yakan haddace jeri: Schön, Robinson, Vischer, Bargery, East, Abraham. Sai ya ci jarrabawa bai taɓa jin cewa ɗaya daga cikin dogayen zube mafi tsufa da muke da su a Hausa maganar wani matashi ce ɗan Damagaram, wanda ya ga Tambutu da Tarabulus da Landan kafin gemu ya fito masa. Ba ina cewa da shi rubutun Hausa ya fara ba. Lokacin da yake ba Schön labari, Nana Asma'u tana raye a ƙasar Sakkwato, waƙoƙin ajami kuma suna yawo hannu da hannu. Amma malaman wancan zamani waƙa suka fi rubutawa da Hausa, zube kuwa da Larabci. Maganar yau da kullum, yadda talaka ke ba da labarin yunwa da tafiya da tsoro, a bakin Dorugu aka fara kama ta da tsawo haka.

Wanda zai karanta rubutun Schön ya shirya wa wahala. Bai rarrabe ɓ da b ba, ko ɗ da d, ko ƙ da k, saboda kunnensa bai kama su ba, haruffa masu lanƙwasa kuwa sai a shekarun 1930 suka zauna. Sai ka karanta da ƙarfi, ka saurari kanka, sannan Hausar Damagaram ta fito daga ƙarƙashin baƙaƙen Bajamushe. Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da labarin cikin Turanci da sharhi a 1971, kuma ta wannan hanya yawancin masu bincike suka san shi.

Abbega shi ne ya haɗa wannan labari da Lakwaja kai tsaye. Ya riga Dorugu dawowa Afirka, a 1857, ya yi aikin tafinta wa Turawa a bakin Kwara shekaru masu yawa, kuma a ƙarshen ƙarnin, zamanin Kamfanin Neja, aka naɗa shi sarkin Lakwaja. Yaron da aka saya a kasuwar Barno ya zama mai gari a hedikwatar Turawa. Jikansa Maimaina ya gaji sana'ar, ya yi wa sojojin Ingilishi tafinta a Barno, ya zama Sarkin Askira, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga a Zariya a 1958. Wanda ya karanta tarihin mazaunan Ingilishi na farko a Amurka zai ga kama. A Plymouth, inda baƙi suka sauka a 1620, wanda ya tsaya tsakaninsu da mutanen ƙasa shi ne Squanto, mutumin da wani matuƙin jirgi Bature ya sace a 1614, ya zauna a Landan, ya koyi Turanci, ya dawo ya tarar annoba ta share garinsu. 'Yan makaranta a Amurka sun san sunan Squanto. Ɗaliban Hausa nawa ne suka san Abbega?

Bayan tafintoci sai sojoji, kuma a nan maganar ta fi ɗaci. John Glover, hafsan sojan ruwa da ke cikin Dayspring lokacin da ya nutse, ya bi ta ƙasa zuwa Ikko, ya kuma zama mai mulkin Ikko daga baya. A 1863 ya kafa wata ƙaramar runduna ta mutanen arewa, mafi yawansu bayi da suka gudu daga iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Aka kira su Hausawan Glover, ko da yake a wannan amfani “Hausa” na nufin duk ɗan arewa mai jin harshen, Banufe ne ko Babarbare ko Bagwari. Daga wannan runduna sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa. An kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Sunansu ya yi tashe har Sarki Leopold na Beljiyam ya aika a ɗebo masa “Hausawa” daga gaɓar Afirka ta Yamma, suka shiga cikin sojojin farko na rundunarsa ta Kwango. Mai tsayawa a bakin ruwa a Bangui yana hango Zongo a ƙetare, wanda sansanin gwamnatin Leopold ne tun farko. Masanin harshe William Samarin ma yana da ra'ayin cewa Sango ta samu siffarta ta yanzu ne a cuɗanyar irin waɗannan baƙin sojoji da ma'aikata 'yan Afirka da mutanen bakin Ubangi. Ashe labarin bai yi nisa da Yakité ba kamar yadda ake zato.

Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Lugga ya sauke tutar Kamfani ya ɗaga ta Ingila. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1903, rundunar Kanar Morland ta tsaya gaban ganuwar Kano. Turawan cikinta ba su kai 50 ba. Sauran, fiye da 700, 'yan Afirka ne, da yawansu kuma Hausa suke yi, da Hausa ake ba su umarni. Kafin su iso, 'yan leƙen asiri irin su Adamu Jakada sun riga sun kai rahoton hanya da halin gari. Kalmomin da ɗalibi ke haddacewa a babin aro, soja da bariki da kofur da saje da samanja da hafsa, a wannan fage suka shigo harshen, tare da Barikanci, Hausar da ta zubar da jinsi da karin sauti don ta yi wa kowa sauƙi. Mai karatu da ya tashi a ƙasar da Faransa ta mulka ya san nasa jerin, su lakwal da mushe da kamyo, kuma ta irin wannan ƙofa suka shigo.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: in haka ne, me ya sa za mu ɗaukaka sunayen mutanen da suka zama karnukan farautar Nasara? Ai gara a bar su a inda tarihi ya yar da su, a tuna da Sarkin Musulmi Attahiru da waɗanda suka kwanta tare da shi a Burmi a 1903. Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan yi kamar ban ji ta ba. Tafinta ba ɗan kallo ba ne. Akwai waɗanda suka karkatar da magana don cika aljihu, akwai sojojin da suka ƙona garuruwa, kuma Lakwaja da ta fara a matsayin mafakar 'yantattu ita ce ta zama sansanin da aka tashi daga cikinsa aka ci ƙasar Hausa.

Amma kafin a ce mutum ya ci amana, sai a nuna amanar da aka ba shi. Dorugu bai san wata hukuma a ƙasarsu ba sai wadda mahayanta suka raba shi da iyayensa suka kai shi kasuwa. Bawan da ya tsere daga gonar ubangijinsa ya shiga rundunar Glover, wace ƙasa ya sayar? Ita ce ta fara sayar da shi. Ina jin wannan ne ainihin dalilin da ya sa ba mu son jin sunayen nan: ba za a iya ba da labarinsu ba sai an ba da labarin bauta a cikin gida, na kasuwannin bayi a Kukawa da Kano da Bida, na hare-haren da suka cika Saliyo da masu jin Hausa har Schön ya sami malamai a can. Cewa “Baikie ne ya kafa Lakwaja” ya fi sauƙi ga kowa. Bature ya samu yabo, mu kuma mun huta da tambaya. Tuna suna ba wanke mai suna ba ne. Muna koyar da Lugga a aji ba don mun yarda da aikinsa ba, sai don ba a fahimtar zamanin in babu shi. Masaba da Abbega da sojojin Glover ma haka suke.

Abin da nake nema daga ɗalibi bai da yawa. In ya kawo misali daga Magana Hausa a aikinsa, ya rubuta cewa maganar Dorugu ce, Schön ya ɗauka. In yana jera magabatan rubutun boko, ya sa mai baki kusa da mai alƙalami. Robinson ma da ake ambato, Charles Henry Robinson mai ƙamus, hanyarsa ta Lakwaja ta biyo: ɗan'uwansa John Alfred Robinson, ɗan mishan mai nazarin Hausa, a can ya rasu a 1891, don tunawa da shi aka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila, ita ce kuma ta tura Charles Kano a 1894. Shi ma da malamai da tafintoci ya yi aiki, kamar kowane Baturen da ya taɓa rubuta ƙamus.

Dorugu ya dawo Afirka a 1864, shekarar da Baikie ya mutu, shekarar da aka naɗa Crowther bishof. Ya yi wa Turawa aikin tafinta shekaru da dama. A ƙarshen rayuwarsa yana Nasarawa a Kano, yana koyarwa a makarantar da Hanns Vischer ya buɗe a 1909, a can kuma ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Vischer haifaffen Basel ne a Siwizalan. Kanawa suka sa masa suna Ɗan Hausa, gidan da ya zauna kuma yana nan a Nasarawa, ana kai ɗalibai ziyara.